HANYAR ZAMA INJINIYA GA YARON DA BAI KARANTA BABBAN LISSAFI BA

Kwanan baya hanya ta kai mu Babban Mutum, garin nan na ƙasar Daura da ke cikin Ƙaramar Hukumar Baure, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Muna zaune bayan sallar la'asar sai wani dattijo, da ya ji an ce mu ma'aikatan jarida ne, ya matso ya kawo mana wata damuwa da ta daɗe tana cin ransa. Ya ce yana da yaro wanda ya kusa gama sakandare, yaro mai basira da ƙwazon hannu, shi ke gyara wa maƙwabta injin ban ruwa, shi ke haɗa musu wayar wuta mai aiki da hasken rana, ba shi kuwa da wani buri a duniya sai ya zama injiniya. To, sai ga shi wani ya gaya masa wai ba a ɗaukar yaro karatun injiniya a jami'a sai in ya ci babban lissafi, watau fannin nan da a ke rubuta sunansa Further Mathematics a takardun jarrabawa, alhali kuwa a makarantar yaron ba a taɓa koyar da shi ba, don babu malaminsa. Dattijon nan har ya fara shawarar kada ya ɓata kuɗinsa wajen yankan takardar jarrabawa, gara ya nema wa yaron jari ya kama kasuwa.

Muka yi masa alkawarin za mu ba shi amsa a jarida, domin mun san wannan damuwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai irinsa da yawa a Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, da sauran garuruwan Arewa da ke nesa da manyan birane. Ga amsar a taƙaice: ƙofa ba ta rufe ba. Amma akwai sauran magana a bayan wannan, wadda ta fi ta nauyi, ita ce kuwa mu ke so iyaye da yara da malamai su karanta da natsuwa.

ABIN DA ƘA'IDA TA CE

Mai neman shiga jami'a a Nijeriya ƙofa biyu ya ke bi. Ta farko ita ce jarrabawar gama sakandare, ko dai ta hukumar WAEC wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO wadda aka kafa a 1999, ko kuwa ta NABTEB wadda yaran makarantun sana'a ke yi. Abin da a ke nema ga mai son karatun injiniya shi ne kiredit biyar, a cikinsu lalle ne a sami Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, sa'an nan da wani fanni guda wanda galibi a ke so ya zama na kimiyya ko na fasaha. Lissafin da a ke nufi a nan shi ne na gama-gari, wanda ko wane ɗalibi ke yi. Babban lissafi yana iya zama cikon na biyar, kamar yadda ilmin halittu ko zanen fasaha ke iya zama, amma a galibin jami'o'i ba a tilasta shi.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Fanni huɗu a ke yi, ga mai son injiniya kuwa su ne Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, sauran ukun ko wanne 40, jimlar maki kuwa 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta a ke yin ta. Babu takardar babban lissafi a cikinta ko kaɗan.

Sai dai kada a ce ba mu faɗa ba: ko wace jami'a tana da ikon ƙara nata sharaɗi. Akwai waɗanda kan nemi babban lissafi a wasu sassan injiniya, akwai kuma waɗanda kan ce sai an ci kiredit biyar ɗin nan a zama guda, wasu kuwa su yarda da zama biyu. Duk waɗannan suna rubuce a cikin littafin sharuɗɗa da hukumar JAMB ke fitarwa ko wace shekara, yana kuma kan intanet. Sabo da haka kafin yaro ya zaɓi jami'a, sai ya sami malaminsa su duba tare, su karanta abin da aka rubuta a kan jami'ar da ya ke so da sashen da ya ke so. Matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya dogara da jita-jitar bakin kasuwa ya kan rasa shekara guda a banza.

MENE NE BABBAN LISSAFI

Mutane da yawa suna jin sunan abin nan suna tsorata, ba su san abin da ya ƙunsa ba. Bari mu ɗan warware. Lissafin gama-gari yana koya wa yaro ƙirga abin da ke tsaye: faɗin gona, ribar haja, tsawon katanga. Babban lissafi kuwa yana koyar da lissafin abin da ke motsi da abin da ke sakewa. Ginshiƙinsa shi ne fannin da a ke kira kalkulas, wanda Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus su ka shimfiɗa ƙa'idodinsa a ƙarni na 17. Banda wannan akwai aljabara mai zurfi, da lissafin kusurwoyi, da lissafin ƙarfi da inda ya dosa, da lissafin nauyin da gini ke ɗauka.

Ga misali daga gida. A ce manomi yana da wayar shinge mita 100, yana so ya kewaye lambu a jikin wata doguwar katanga, watau gefe uku kaɗai zai sa wa waya. In ya yi faɗi mita 20, tsawo zai zama 60, fili ya tashi murabba'in mita 1,200. In ya yi faɗi 30, tsawo 40, nan ma 1,200. Amma in ya yi faɗi 25, tsawo 50, sai ya sami 1,250, babu kuwa wani awo da zai ba shi fiye da haka. Mai lissafin gama-gari sai ya yi ta gwaji kafin ya dace da wannan amsa. Mai kalkulas kuwa layi uku zai rubuta ya fid da ita, ya kuma nuna dalilin da ya sa ba a wuce ta. Haka nan tankin ruwa da ke bisa rijiyar burtsatse: sa'ad da ya ke cike ruwa ya kan fito da ƙarfi, yana raguwa ƙarfin na raguwa. Wanda zai faɗi lokacin da tankin zai ƙare, da faɗin bututun da ya dace da shi, sai ya san lissafin abin da ke sakewa. Aikin injiniya ke nan tun daga farko har ƙarshe, ko na gada ne, ko na lantarki, ko na injin jirgin ƙasa.

DALILIN DA YA SA BA A TILASTA SHI

Mai karatu zai ce, in dai haka abin ya ke da amfani, don me jami'a ba ta tilasta shi? Amsar tana cikin tarihin ilminmu. A zamanin Turawa da farkon mulkin kai, yaro in ya gama shekara biyar na sakandare sai ya ƙara shekara biyu a babban aji, ya yi jarrabawar da a ke kira HSC, a can ne ya ke koyon lissafi mai zurfi kafin ya shiga jami'a. Makarantun Arewa masu irin wannan aji kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. An fara koyar da aikin injiniya a Zariya tun a kwalejin da ta riga Jami'ar Ahmadu Bello, amma ko bayan da aka buɗe jami'ar a 1962, samun 'yan Arewa da su ka cika sharaɗin shiga sassan kimiyya ya zama babbar matsala. Don maganin haka ne jami'ar ta buɗe makarantar share fage a farkon shekarun 1970, Jihar Kano kuma ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977.

Da aka koma tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, sai aikin da babban aji ke yi ya koma wuyan jami'a. Shi ya sa digirin injiniya ya ke shekara biyar, shekarar farko kuwa kusan dukkanta ta lissafi ce da fiziks da kemistiri. A cikinta a ke koyar da aljabara da lissafin kusurwoyi da kalkulas tun daga tushe, domin jami'a ta san ɗalibanta daga makarantu iri iri su ka fito. Ko a Ingila ma, inda a ke neman lissafin babban aji kafin a shiga karatun injiniya, jami'o'i da yawa suna da shekarar share fage domin wanda bai same shi ba.

A NAN GIZO KE SAƘAR

To, jama'a, ga inda mu ke so a saurara. Shiga daban, zama daban. Abin da yaron birni ya kwashe shekara uku yana koyo a hankali a wurin malaminsa na babban lissafi, shi ne yaron ƙauye zai tarar an zuba masa a cikin 'yan watanni, a ɗakin karatu mai ɗaruruwan mutane, inda malami ba ya tsayawa ya tambayi wa ya gane, wa bai gane ba. Ga wancan bita ce, ga wannan kuwa sabon karatu ne. Daga shekara ta biyu kuma ko wane darasi a kan wannan tushe a ke ɗora shi. Ɗalibin da ya yi ta faɗuwa, ƙa'idar jami'a ita ce a yi masa gargaɗi, in bai gyara ba a mai da shi wani sashe, ko a sallame shi. Uban da ya sayar da sa ko ya jinginar da gona ya kai ɗansa jami'a, ba abin da zai fi masa zafi kamar yaron ya komo gida bayan shekara biyu hannu rabbana.

Akwai kuma wani abu da yara da yawa ba su sani ba sai sun zauna gaban kwamfuta. Manhajar lissafi ta jarrabawar JAMB tana da sashe guda na kalkulas. Ba mai zurfi ba ne, amma wanda malaminsa bai kai shi nan ba zai rasa makin da ba a raina shi, sassan injiniya kuwa suna cikin waɗanda a ke gasar shiga ƙwarai. Gaskiya ne a jami'o'in Tarayya akwai ƙa'idar da aka daɗe ana bi, ta ware kashi 45 cikin 100 don cancanta, 35 don yankin da jami'a ta ke, 20 kuma don jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, Katsina kuwa tana cikinsu. Wannan ƙa'ida tana taimakon yaro ya tsallake ƙofa, amma ba ta bin sa cikin ɗakin jarrabawa.

HANYOYIN DA KE AKWAI

Hanya ta farko ita ce ta kai tsaye, wadda mu ka bayyana a sama: kiredit biyar, da maki mai kyau a JAMB, sa'an nan shekara biyar a jami'a. Ta dace da yaron da lissafinsa na gama-gari ke da ƙarfi, wanda kuma zai iya zama shi kaɗai da littafi ya koya wa kansa.

Ta biyu ita ce ta share fage. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, cikin Jihar Katsina, ita ce kuma ke kula da jarrabawar IJMB, wadda makarantu da dama na Arewa ke shirya ɗalibai dominta. A nan yaro zai zauna kamar shekara guda ba ya karanta kome sai fanni uku, lissafi da fiziks da kemistiri, a mataki mai zurfi. In ya ci da kyau sai ya nemi shiga aji biyu na jami'a. Ga wanda bai taɓa ganin kalkulas ba, mu a ganinmu wannan hanya ta fi sauran lafiya, don a cikinta ba a yi asarar lokaci mai yawa ba, an kuwa gina tushe.

Ta uku ita ce ta kwalejin fasaha. Ƙasar Daura yanzu tana da tata ta Tarayya, wadda aka kafa a 2019, ga ta Hassan Usman a Katsina, ga kuma ta Kaduna wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan Arewa. Shekara biyu a ke yi a sami ƙaramar difloma. Wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya neman shiga aji biyu na jami'a, ko kuwa ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya koma ya ƙara biyu ya sami babbar difloma. Amfanin wannan hanya shi ne lissafi da aikin hannu tafiya su ke yi tare, kuma ko da kuɗi sun yanke a tsakiya, yaro yana da takardar da zai ci abinci da ita. Amma a sani, hukumar COREN mai rajistar masu aikin injiniya, wadda aka kafa a 1970, tana rarrabe matsayin mai digiri da na mai babbar difloma, sabo da haka wanda ke son cikakken sunan injiniya sai ya ƙara karatu daga baya.

Ta huɗu ita ce yaro ya dakata shekara guda, ya nemi malamin da zai koya masa babban lissafi a Daura ko Katsina ko Kano, ya zauna jarrabawar masu zaman kansu da a ke yi wajen ƙarshen shekara. Wannan ba ta zama dole ba sai ga wanda ya nace wa jami'ar da ke neman fannin. Hanyar lafiya dai, a bi ta da shekara.

ABIN DA ZA A YI TUN YANZU

Ga yaro, shawararmu ita ce ya fara da gyaran tushe. Galibin waɗanda kalkulas ke kayarwa, in an bincika, aljabara ce ta kā da su tun da fari. Sai ya tabbata ya iya sarrafa ɓangarorin lamba ba tare da na'ura ba, ya iya warware ma'auni mai harafi ɗaya da mai biyu, ya iya zana jadawali ya karanta shi, ya san dokokin kusurwoyi kamar yadda ya san hanyar gidansu. Bayan wannan sai ya nemi littafin babban lissafi na aji huɗu na sakandare, ko da aro ne, ya riƙa yin sa'a ɗaya ko biyu kullum da alƙalami a hannu. Lissafi ba a koyonsa da ido, sai da hannu, kamar saƙa. Watannin nan da ke tsakanin gama sakandare da shiga jami'a, waɗanda yara kan ɓatar a zaman dandali, sun isa mutum ya gama farkon kalkulas. Wayar hannu ma da a ke kuka da ita tana ɗauke da darussa kyauta ga mai nema. Wannan magana kuwa har da 'yan mata mu ke yi, don ƙwaƙwalwar lissafi ba ta san namiji ko mace ba.

Ga iyaye, a rage wa yaro aikin gona da aike a shekararsa ta ƙarshe, a sama masa fitila da wurin zama. A kuma tambayi hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, da asusun lamunin ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2024, tun kafin a ce kuɗi ne su ka hana.

Ga hukumomin ilmi kuwa, maganin abin a hannunsu ya ke. Malamin lissafi mai digiri ba ya son zaman ƙauye in babu gida da ɗan ƙarin alawus, wannan kowa ya sani. In ba a iya ba ko wace makaranta nata malami ba, ai ana iya ba makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna malami guda ya riƙa zagayawa. Ƙungiyoyin ci gaban gari su ma suna iya roƙon 'ya'yansu da ke jami'a su ba da darasi lokacin hutu, a biya su ɗan abin da ya sawwaƙa.

LISSAFI BA BAƘO BA NE A ƘASAR NAN

Kada wani ya zaci lissafi mai zurfi kayan Turawa ne da ba mu gada ba. Kalmar aljabara kanta daga Larabci ta fito, daga sunan littafin da Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. A nan gida kuwa, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda a ke jera lambobi cikin gidajen hatimi har ko wane layi ya ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741, masana tarihin lissafi kuwa har yau suna ambatonsa. Malaminmu na zaure da ke rabon gado, yana fid da sumuni da sudusi da sulusi daga dukiya ɗaya ba tare da ya tauye kowa ba, lissafin ɓangarori ya ke yi, wanda shi ne matakin farko na aljabara.

Ga shi kuma aiki ya biyo mu har gida. A watan Disamba na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, ta kuwa riga ta fara ɗaukar ɗalibai. A 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Hanyar jirgi ba a gama ta a tafi a bar ta, kullum tana bukatar mai duba gada, da mai gyaran inji, da mai kula da sigina. Haka madatsun ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da wutar hasken rana da ke yaɗuwa a ƙauyukanmu. In ba mu shirya 'ya'yanmu ba, za su tsaya a bakin dogo suna sayar da rake, wasu na aikin.

Sabo da haka, ga dattijon nan na Babban Mutum, amsarmu ita ce: Baba, a yanki takardar jarrabawa. A duba littafin sharuɗɗa a zaɓi jami'ar da ba ta tilasta babban lissafi, a sa kwalejin fasaha a cikin zaɓi, a kuma riƙe hanyar Funtuwa a zuci in ta farko ba ta yiwu ba. Shi kuwa yaro ya ɗauki littafi tun daren yau. Hannun da ya iya kwance injin ban ruwa ya mayar, in an ba shi alƙalami da lokaci, zai iya koyon lissafin da aka ƙera injin da shi. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, amin.